Yadda ake gina zaure da rumbu na kwali don baje koli

Duk shekara idan aka yi baje kolin ayyukan hannu na makarantu a yankinmu, teburin kayan kwali ne ya fi tara jama'a, shi ne kuma alƙalai suka fi saurin wucewa. Za ka ga gida mai bene ya sha fenti, an liƙa masa ƙyalƙyali ta ko'ina, amma motar da aka ajiye a gabansa ta fi ƙofar tsawo, akuyar da ke gefe kuwa kanta ya kai tagar sama. Yaro ya sha wahala, iyaye sun kashe kuɗi, abin da ya fito dai kayan wasa ne. Ni malamin zane ne a wata sakandare a Argungu, kuma kafin in bar ɗalibi ya taɓa reza sai na gaya masa cewa wannan aiki awo ne tun daga farkonsa. In ka rage ƙofa sau hamsin, dole turmi ma ya ragu sau hamsin, kaurin bango ma haka, har tsawon ciyawar jinka.

Sana'ar ta daɗe a wasu ƙasashe. Kamfanin J.F. Schreiber da ke Esslingen a Jamus ya soma buga takardun samfur da ake yankewa a harhaɗa tun 1878. A Foland akwai mujallar Mały Modelarz da ta fara fitowa a 1957, wadda yara da manya suka tashi suna gina jiragen sama da na ruwa daga shafukanta, jiragen sama yawanci a kan ma'aunin 1:33, wato an rage girmansu sau 33. A Ingila kuma ƙungiyar IPMS ta masu harhaɗa ƙananan samfuran roba, wadda aka kafa a 1963, tana yin babban baje kolinta a Telford kowane watan Nuwamba. Galibin kayan da ake kaiwa can na roba ne, na takarda tsiraru ne, amma wanda ya iya aikinsa sai an matso kusa sosai kafin a gane kwali ne. Mu a nan ba mu da shagon da ke sayar da kayan roba na harhaɗawa, kwali kuwa ga shi ko'ina, don haka wannan ɓangare namu ne in mun so.

Shawarata ta farko ita ce ka bar jirgin yaƙin da ka gani a intanet. Kowa na iya sauke shi ya buga, kuma kai da alƙalin duk ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi balle ya san ko fukafukin ya yi daidai. Gina abin da za ka iya zuwa da ƙafarka ka auna: zauren ƙofar gida, rumbun dawa, kwalekwalen masunta a kogin Matan Fada, masallacin unguwa. Ɗalibai kullum Gidan Kanta suke son farawa da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Gini ne na 1831, fadar sarakunan Kabi ce har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, duk baƙon da ya zo gari sai ya leƙa shi. Amma ya yi wa sabon hannu yawa. A fara da zagayayyen zaure mai jinka, da rumbu ɗaya, da ɗan guntun katanga mai zanko. Waɗannan uku sun ƙunshi duk dabarun da babban gini zai nema daga baya.

Ka tafi wurin awo da tef na kafinta mai mita 5, da littafi, da fensir, da sanda miƙaƙƙiya da ka yanke mita 1 cif, da yaro ɗaya mai riƙe maka bakin tef. Kada ka faɗa wa gidan mutane da tef haka kawai. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaisa, ka ce, "Baba, zauren nan naku muke so mu auna, ɗan ƙaraminsa za mu yi da kwali don yaran makaranta." Yawanci dariya za a yi a ba ka tabarma. Rumbu kuwa sai da izinin mai shi a fili, domin ba kowa ke son baƙo yana zagaya abincin gidansa yana rubutu a littafi ba.

Abin da za ka auna: faɗin ginin a gindi, tsawon bango, tsawo da faɗin ƙofa, kaurin bango a bakin ƙofa, da iyakar inda jinka ta zarce bango. Faɗin zagayayyen ɗaki ya fi sauƙin samu in ka zagaye shi da igiya, ka auna igiyar, ka raba da 3.14. Wurin da hannu ba ya kaiwa, inuwa ce za ta yi maka aiki. Kafa sandarka a tsaye da hantsi, ka auna inuwarta, ka auna ta ginin a lokaci guda. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta ginin kuma mita 4, ka raba 4 da 0.8, tsawon ginin mita 5 ke nan. Ga gini mai tsinin kai, daga tsakiyar ginin ake lissafa inuwar, wato ka ƙara rabin faɗinsa a kan abin da ka auna daga jikin bango. Sannan ka jingina sandar a bango, ka ja baya da nisa, ka ɗauki hoto da waya kai tsaye ta gaba da ta gefe. Duk abin da ka manta ba ka auna ba, sandar da ke cikin hoton za ta faɗa maka.

Ma'aunin da nake ba kowa shi ne 1:50, saboda lissafinsa ba ya buƙatar na'ura: kowace mita ɗaya santimita 2 ce a kan kwali. Ƙofa mai mita 1.8 ta zama santimita 3.6. Zaure mai faɗin mita 4 ya zama santimita 8, kewayensa kuma santimita 25.1, wanda ke shiga cikin tsawon takardar A4 mai santimita 29.7 har da ragowar wurin liƙi. Kwalekwale mai mita 6 ya zama santimita 12. Ma'aunin 1:100 na babban gida ne ko masallacin Juma'a, amma a nan ƙananan abubuwa irin su indararo sun yi ƙanƙanta ga hannun da bai saba ba. Ka mai da duk awonka zuwa santimita a shafi ɗaya kafin ka yanka komai, ka rubuta ma'aunin da manyan baƙi a saman shafin.

Kayan aiki ba su da yawa. Reza sabuwa, ko wuƙar nan ta ofis mai baki da ake karyawa. Rula ta ƙarfe, domin ta roba reza na cin gefenta. Kamfas da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafin ɗalibai. Biro da tawadarta ta ƙare ƙaf. Tsinken sakace da yawa. Ƙaramin almakashi, da hantsaki irin na cire ƙaya. Abin da za ka yi yanka a kai, guntun ledar tsakar ɗaki mai kauri ya fi katako, ya kuma fi gilashi, wanda ke dakushe reza nan da nan. Reza ta soma jan takarda tana barin gashi-gashi a gefe, a canza ta. Kuɗinta bai kai na kwalin da za ta ɓata ba.

Kwali iri uku nake amfani da shi. Na jikin gini shi ne mai nauyin giram 160 zuwa 200, irin wanda ake buga takardar shaida ko katin ɗaurin aure a kai. Takardar rubutu ta yau da kullum giram 80 ce, ba ta iya tsayawa a matsayin bango, amma ita ce ta liƙi ta ciki da gwaji. Na ƙashin gini kuma kwali mai kauri, irin na bayan kalanda ko na akwatin takalmi, wanda ya kai milimita 1 ko fiye. Akwai wani abu da ɗalibai ba sa yarda da shi sai sun gwada: kwali yana da jijiya. Ka lanƙwasa shi a hankali ta tsawo, ka sake ta faɗi, za ka ji ɓangare ɗaya ya fi laushi. Duk abin da za a naɗe, a yanke shi yadda zai naɗu ta ɓangaren nan mai laushi. In aka saɓa, bangon zaure zai fito da ƙusurwoyi a maimakon zagaye.

Gam kuwa farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne na yau da kullum. Da ruwa aka yi shi, ruwa kuma shi ne ke sa kwali ya kumbura ya karkace, don haka ba a matsa shi daga kwalba zuwa kan aiki. Zuba ɗan kaɗan a murfin kwalba, ka ɗiba da tsinke, ka shafa siriri har ya kusa ɓacewa, ka ɗan dakata ya yi danƙo, sannan ka haɗa ka riƙe. UHU ba ya jiƙa takarda, ya dace da liƙa manyan shafuka, sai dai yana jan zare yana barin ƙyalli. Kada ka kusanci ƙullin sitaci ko na fulawa, ko da kuwa shi ne mai arha. Kyankyasai da ɓeraye za su cinye maka aikin tun kafin ranar baje koli.

Ba a lanƙwasa kwali da yatsa kai tsaye. Ɗora rula a kan layin, ka bi shi da busasshiyar biron nan kana ɗan dannawa har ya yi kwari, sai ka karya a kan layin. Yanka kuma ba a yinsa da ƙarfi sau ɗaya, a bi layin sau biyu ko uku da sassauci, rula tana danne ɓangaren da ake so, ta yadda in reza ta kauce sai ta shiga cikin abin zubarwa. Ƙofa da taga a fara huda su tun kwalin yana shimfiɗe da faɗinsa, kafin a yanke kewayen.

Yanzu bangon zaure. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san bangon tubali ba ya tashi a miƙe irin na bulo, gindinsa ya fi kansa faɗi, kuma wannan 'yar karkata ita ce ke sa mai kallo ya ce lallai ginin ƙasa ne. In ka naɗe kwali mai kusurwa huɗu kawai, gwangwani za ka samu. Ga yadda nake yi ba tare da dogon lissafi ba. Yanke faifai biyu daga kwali mai kauri, na ƙasa mai faɗin santimita 8, na sama 7.4. Ka haɗa su da 'yan ginshiƙan kwali huɗu masu tsawon santimita 5, ka tabbata tsakiyar na sama tana bisa tsakiyar na ƙasa, kuma ba ginshiƙin da ya tare inda ƙofa za ta kasance. Wannan shi ne ƙashin ginin. Sai ka ɗauko takardar rubutu ka naɗe ƙashin da ita ta kwanta luf, ka bi gefen faifan sama da na ƙasa da fensir, ka warware ka yanke. Za ka ga abin ya fito a ɗan gantsare. Shi za ka ɗora a kan kwalinka ka zana, kamar yadda tela ke ɗora tsohuwar riga a kan sabon yadi ya fitar da yanka. Kafin ka liƙa, ka ja kwalin a gefen tebur sau da yawa har ya naɗu da kansa. Bakinsa biyu su haɗu baki da baki a bayan ginin, da 'yar takarda siririya liƙe ta ciki. In ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, tudun zai fito, kuma shi alƙali zai fara gani.

Ƙofa ce ke tona asirin yawancin samfura. Bangon da kaurinsa ya kai santimita 40 a gaske, milimita 8 ne a ma'auninmu, kwalinka kuwa bai kai ko rabin milimita ba. Don haka yanke ɗan siririn kwali mai faɗin milimita 8, ka lanƙwasa shi ya bi bakin ƙofar ta ciki, dama da hagu da sama. Cikin zauren a shafa masa launi mai duhu kafin a rufe, don kada wanda ya leƙa ya ga farin kwali da rubutun kamfanin takalmi. Dakali a ƙofa ɗan akwati ne mai tsawon santimita 1, ka goge kaifin gefensa da farce.

Jinka mazurari ce a kife, kuma nan ne kawai za ka ɗan yi lissafi. A ce kana son bakinta ya yi santimita 5 daga tsakiya, don ta zarce bango ta yi inuwa, gangarenta kuma daga tsini zuwa baki santimita 7. Buɗe kamfas santimita 7 ka zana da'ira. Raba 5 da 7, ka ninka da 360, zai ba ka digiri 257. Shi za ka bari, ka cire ragowar 103, ka naɗe ka haɗa. Tsininta zai tashi kusan santimita 4.9. In ka ga ta fi ta hotonka tsini, rage gangaren zuwa 6.5 ka sake lissafin. Ka gwada da takardar rubutu tukuna.

Ciyawar jinka ita ce aikin da ke cin lokaci, ita ce kuma ke tsayar da mutane a teburinka. Ambulan mai ruwan ƙasa nake amfani da shi, ko takardar buhun siminti in an dace da irin na takarda. Ka jiƙa ta da ruwan shayi mai kauri ba daidai-wa-daida ba, wani wuri ya fi wani duhu, ka bari ta bushe a ƙarƙashin littafi. Yanke ta tsiri-tsiri masu faɗin santimita 1.5, ka tsattsaga gefe ɗaya da almakashi, zurfin santimita 1, sirara iyakar yadda hannunka zai iya. Dogon tsiri ba ya kwanciya a kan mazurari, sai ya tattare, don haka gutsuttsura shi santimita 3 ko 4. Daga ƙasa ake farawa a yi sama, kowane layi ya rufe rabin na ƙasansa, yadda masu baibaya ke yi. In an kai tsini a tattara a ɗaure da zaren ɗinki. Bayan ya bushe ka bi shi da tsohon buroshin haƙori a hankali daga sama zuwa ƙasa don ya ɗan hargitse. Masu sa ciyawa ta gaske suna ganin sun yi dabara, amma kara mai kaurin milimita 2 a wannan ma'auni gungume ne mai santimita 10.

Rumbu ya fi zaure wuya, domin cikinsa a kumbure yake ta kowane ɓangare, takarda kuwa ta ɓangare ɗaya kawai take yarda ta lanƙwasu. Maganinsa a yi shi ɓari-ɓari, guda 12. Zana siffar rumbun ta gefe a kan takarda bisa ma'auni, ka ja layuka a kwance daga gindi zuwa baki, tazarar santimita 1. A kowane layi ka auna faɗin rumbun, ka ninka da 3.14, ka raba da 12, abin da ya fito shi ne faɗin ɓari ɗaya a wannan wurin. Inda cikin ya kai santimita 6, ɓarin zai yi kusan 1.6. A gindi mai santimita 4, ɗaya da ɗan ɗoriya. A baki mai santimita 2, rabin santimita. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne tsawon ɓarin: ba tsayin rumbun a miƙe ake ɗauka ba, gantsararren gefensa ake bi da zare, daga layi zuwa layi, a auna zaren. Ka fitar da guda ɗaya mai kyau a kwali mai kauri, ka zana sauran da shi. Kowane ɓari ka ɗora shi a tafin hannu ka murza da jikin biro har ya gantsare, sannan ka haɗa su biyu-biyu ta ciki da siraran takardu, ka haɗa biyun su zama huɗu, har a rufe. Faifai ɗaya mai santimita 6 a tsakiyar ciki zai hana shi lotsewa. Daga nan a yayyaga takarda mai laushi ƙanana, a liƙa a jikinsa da gam da aka sirka da ruwa kaɗan, layi ɗaya, a bari ya bushe sarai kafin na biyu. Layukan haɗi za su ɓace, jikin ya yi ɗan kaushi irin na yaɓe. Kada ka manta rumbu ba ya zama a ƙasa, a kan duwatsu yake saboda gara da danshi. Dunƙula 'yan takardu ƙanana ka yi duwatsun, ka ɗora masa 'yar hularsa ta ciyawa.

Katanga akwati ce doguwa mai ɗan faɗin gindi, ba ta da wata wahala. Zanko a yi shi da kwali uku ko huɗu a liƙe, a sassaƙe da reza, a ɗiga masa gam mai kamawa nan take a tsini don ya yi tauri, domin shi ne farkon abin da ke karyewa a hanya. Indararo takarda ce a naɗe a jikin tsinke.

Launi yana da ƙa'ida biyu da ba na sassautawa. Ta farko, duk gefen kwalin da reza ta yanka fari ne, kuma farin layin nan daga nesa ake hango shi. Kafin ka liƙa kowane yanki, ka bi gefensa da fensir mai launi ko maka mai kalar jikin, kana shigowa ta bayan kwalin don kada hannu ya zame ya ɓata fuska. Ta biyu, fentin ruwa ana shafa shi ne da buroshi mai ɗan danshi kawai, sau biyu ko uku sirara. Kalar ƙasarmu ba ja ba ce zalla: haɗa ruwan ƙasa da ɗan rawaya da fari, gindin bango ya fi duhu inda ruwan sama ke fantsama, ƙarƙashin indararo a ja ɗan zirin duhu. Wasu na barbaɗa ƙasa ta gaske a jikin gam. Yana kyau in an tace ta da ƙyallen tatar koko, amma yashi kai tsaye a'a, ƙwayar milimita 1 dutse ne mai santimita 5 a jikin bangonka. Ka kuma tambayi masu shirya taron, domin wasu in sun ce rukunin takarda, takarda zalla suke nufi.

In ka zana yankunanka a kwamfuta, ko ka yi amfani da manhaja irin Pepakura da ke warware siffa ta mai da ita shimfiɗaɗɗen zane, ka sa layi mai santimita 10 a gefen kowane shafi. A shagon buga takardu ka ce wa yaron, "Ɗan'uwa, ɗari bisa ɗari za ka buga mini, kada na'ura ta rage ko ta ƙara." Ka auna layin nan da rula tun kana tsaye a shagon. Na'ura mai tawadar ruwa launinta na zuba in gam ya taɓa shi, mai garin tawada kuma tana tsagewa a kan lanƙwasa, sai an bi da fensir an rufe.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Da hunturu gam na bushewa tun kafin ka daidaita yanki, don haka shafa kaɗan-kaɗan, ka rufe aikin da kwali kowane dare saboda ƙura. Da damina kuwa kwali na shan danshi ya yi laushi, abin da ka liƙa da dare ka tarar da safe ya karkace. Duk shafi mai faɗi a danne shi da littattafai har ya bushe, kuma in ka shafa wa fuska ɗaya fenti ka shafa wa bayanta, don kada ɓangare ɗaya ya ja kwalin ya karkace.

Gindin da za a ɗora komai a kai ya zama falanki siriri, ko kwalin katan uku a liƙe, jijiyar kowanne ta gicciye ta ɗan'uwansa. Santimita 30 da 40 ya ishi zaure da rumbu da katanga. Kada ka jera su a layi ɗaya, ka bar fili a tsakani yadda tsakar gida take. Dole a sami wani abu da ido ya san girmansa, don mai kallo ya gane girman sauran. Mutum mai tsawon mita 1.7 santimita 3.4 ne. Da yake akwai iyaye da malamai da ba sa son a yi siffar mai rai, ni turmi da taɓarya nake sawa, ko tulu, ko keke a jingine da bango, kuma suna yin aikin daidai. Turmi mai santimita 60 ya zama 1.2. In kwalekwale ka yi, gorar masunci mai faɗin santimita 50 ta zama santimita 1, homa kuma a yi ta da guntun gidan sauro mafi ƙanƙantar ido. Irin wannan samfur ba ya rasa masu kallo a garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Ɗaukar kaya zuwa wurin taro ya lalata ayyuka fiye da yadda rashin iyawa ya lalata. Nemi katan da ya ɗan fi gindin faɗi, ka yanke gefe ɗaya ya zama ƙofa, ka tura samfurin ciki a kwance, ka toshe gefunan gindin da nannaɗen takarda don kada ya motsa. Kada komai ya taɓa jinka ko zanko, ko da auduga ce. In Birnin Kebbi za ka, a cinyarka za ka riƙe shi, kada ka yarda yaron mota ya ce a sa a but tare da buhunan shinkafa, gara ka biya kuɗin kujera biyu. A kan kabu-kabu kuwa ka rufe bakin katan ɗin da kyau saboda iska. Ka sa ƙaramar kwalbar gam da tsinke da hantsaki da fensiran launi a aljihu, tare da 'yar ragowar ciyawar takarda.

Ka isa da wuri ka zaɓi wurin da ba ya ƙarƙashin fanka, ba kuma inda rana za ta faɗo masa da azahar ba. In teburin gajere ne, ɗora samfurin a kan akwati da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle, ya matso kusa da ido, ka ja shi baya daga bakin tebur kamar kamu ɗaya saboda yatsun yara. Murfi da ake hango abin da ke cikinsa, wanda aka haɗa da robar bangon littafi, irin wadda masu ɗinke takardun ɗalibai ke sawa, yana tare ƙura da hannu duka. A gefe ka ajiye ɗan kati da rubutu mai kyau: sunan ginin, garin da yake, ma'auni 1:50, da kayan da aka yi shi da su. Kusa da katin ka buɗe littafin awonka da hoton ginin na gaske mai sanda a jingine.

Alƙalin da ya san aiki ba ya farawa da kyau ko girma. Zai durƙusa ya daidaita idonsa da tebur, ya duba ko bango na tsaye, ko gindin ginin ya zauna a ƙasa ba rata, ya zagaya baya ya nemi layin haɗi, wani har da 'yar tocila yana neman ƙyallin gam da farin gefe. Ka yi wa kanka wannan binciken da tocilar waya kwana biyu kafin taro, cikin ɗaki mai duhu, hasken yana zuwa ta gefe. In ɗalibi ne zai tsaya a teburin, a koya masa ya amsa tambaya uku ba tare da ya waiwayi malaminsa ba: mita nawa ne faɗin ginin na gaske, ta yaya ya samu tsawonsa, kuma don me gindin bangon ya fi kansa faɗi.

Bayan an tashi, samfurin ya koma katan ɗinsa da ƙwayar kafur biyu a kusurwa, a ɗora shi a saman kabad nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa lokacin damina. Zanen yankunan da littafin awo kuwa a adana su daban cikin ambulan, domin in wani ya gani ya ce a yi masa irinsa, ko mai zauren ya aiko yana son nasa, ba sai an sake komawa da tef ba.